Allo a Hannu Ɗaya, Allura a Ɗayan: Yadda Gwajin Taimakon Kai ga Masu Wankin Ƙoda Ya Kaya a Holan

A shekarar 1943, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da ƙasar Holan, wani likita mai suna Willem Kolff ya harhaɗa injin wankin ƙoda na farko da ya yi aiki a asibitin wani ƙaramin gari da ake kira Kampen. Ganga ce mai juyawa, aka naɗe ta da siririyar leda irin wadda mahautan can ke ɗura nama a ciki. Jini na bi ta cikin ledar, dattinsa na tsatsafowa cikin ruwan da gangar ke juyawa a kai. Kusan duk majinyatansa na farko sun rasu. Sai a 1945 wata dattijuwa mai shekara 67 ta farfaɗo daga doguwar suma bayan an ɗora ta a kan injin, ta kuma ƙara shekaru a duniya. Duk injin wankin da ke aiki yau a Kano ko Maiduguri ko Yamai jikan wannan gangar ne.

Fiye da shekara 70 bayan haka, a ƙasar dai, wasu likitocin ƙoda da na ƙwaƙwalwa suka waiwayi abin da injin bai taɓa wankewa ba, wato ƙuncin da ke zaune a ran wanda aka jona masa shi. Suka shirya gwaji a asibitoci tara, suka raɗa masa suna DIVERS-II. Tambayarsu guda ce: idan aka miƙa wa mai wankin ƙoda kwamfutar hannu mai kama da allo, ɗauke da darussan da zai bi da kansa yana kwance ana tace masa jini, wani masani kuma daga nesa yana karanta abin da ya rubuta yana mayar masa da amsa, damuwarsa za ta ragu? A 2022 suka fitar da sakamako. Ba ta ragu fiye da ta waɗanda ba a ba allon ba.

Saboda wannan faɗuwar na zaɓi gwajin. Mutanen da suka san aikinsu ne suka yi shi, a ƙasar da ba a ɗauke wuta, intanet ba ya yankewa, majinyaci kuma ba ya sayar da gona don ya biya kuɗin wanki. In dabara ta ƙi ci a irin wannan wuri, ya kamata mu san dalili kafin wani ya kawo mana ita a wayar hannu ya ce ga mafita mai arha.

Rayuwar da ke kan gadon

Wanda bai taɓa raka ɗan'uwa ɗakin wanki ba yakan ɗauka abu ne kamar ƙarin ruwa, a yi sau ɗaya ko biyu a sallami mutum. Ga wanda ƙodarsa ta gama gazawa, ƙa'idar ita ce sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, haka kuma za a yi ta yi har ya samu dashe ko wa'adi ya cika. Likitan tiyata yakan haɗe jijiyoyi biyu a hannunsa don jijiyar ta kumbura ta iya ɗaukar allurai biyu masu kauri, ɗaya na fitar da jini, ɗaya na mayarwa. Hannun nan ba ya motsi sai an gama. Ruwan sha a ƙidaye yake. Wanda fitsarinsa ya ɗauke sau da yawa ba a bar masa fiye da rabin lita zuwa lita ɗaya a yini, har da shayi da miya. Ayaba, lemo, tumatir, dankali, duk sai da lissafi, domin sinadarin fotasiyam da ke cikinsu in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Tafiyar kwana huɗu sai an fara neman ɗakin wanki a inda za a sauka. Aiki yakan kuɓuce. Wanda jiya shi ke ciyar da gida, yau shi ake jira a kai a ɗauko.

Bayan an sauko daga inji kuma akwai wata gajiya da masu abin kaɗai suka san ta. Wani bincike da ya bi dubban majinyata a ƙasashe 12, aka wallafa shi a 2014, ya nuna mutum ɗaya cikin goma yakan wuce awa 12 kafin jikinsa ya dawo masa, sama da ɗaya cikin huɗu kuma sukan wuce awa shida. A haɗa wannan da zama uku a mako, a ga abin da ya rage wa mutum na kwanakinsa.

Ciwon damuwa da likitoci ke nufi ya wuce ɓacin ran kwana biyu. Mutum ne zai shafe mako biyu ko fiye zuciyarsa a dagule kusan kullum, abin da ke faranta masa a da ya daina yi masa daɗi, ya riƙa ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa, wani lokaci har ya fara ganin mutuwa ta fi masa sauƙi. A 2013 Suetonia Palmer da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a duniya a kan masu wankin ƙoda. Inda likita ya zauna ya yi wa mutum tambayoyi baki da baki, kashi 22.8 cikin 100 aka samu da ciwon. Inda aka ba mutum takarda ya cike da kansa, adadin ya haura zuwa kashi 39.3. A riƙe wannan tazarar, za mu dawo kanta. Kuma ciwon ba ya tsayawa a zuciya: mai shi ya fi tsallake ranar wanki, ya fi shan ruwa fiye da ƙima, ya fi barin magani, ya fi kwanciya asibiti. Binciken da aka tattara ya nuna haɗarin mutuwarsa ya ɗara na takwaransa marar damuwa da kusan rabi.

To me zai hana a ba su ƙwaya kawai? An gwada. A 2017 wani gwaji a Amurka ya ba mutum 201 masu ciwon ƙoda da ba su kai ga wanki ba ko dai maganin damuwa mai suna sertraline ko ƙwayar da ba komai a cikinta, ba a ga bambancin a zo a gani ba. A Ingila, a shekarar dai, an tantance masu wanki 709 don irin wannan gwajin, 30 kacal aka iya shigarwa. Ga shi mai wanki ya riga ya ƙoshi da ƙwayoyi. Wani nazari na 2009 a Amurka ya ƙirga wa matsakaicin majinyaci ƙwaya 19 a rana. Tura shi wajen masanin halayya kuma na nufin rana ta huɗu a asibiti, ga mutumin da ko warin asibitin ba ya son ji.

Don haka lissafin mutanen Holan bai da aibu a takarda. Ga mutum yana kwance awa 12 a mako ba abin da yake yi. A kai masa maganin inda yake, a cikin lokacin da ya riga ya salwanta, ba tare da an ɗauki masani ga kowane gado ba.

Abin da ke cikin allon

Hanyar da suka zaɓa ta kwana biyu a fagen ilimin halayyar ɗan Adam. Tun 1971 wasu masana biyu a Amurka, D'Zurilla da Goldfried, suka shimfiɗa ta: mutum ya koyi kama matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya maimakon su taru su danne shi. Masana a Jami'ar Vrije ta Amstadam, ciki har da Pim Cuijpers da Annemieke van Straten, sun mayar da ita darussan intanet, sun gwada a kan jama'ar gari masu fama da damuwa a wajen 2008, ta kuma yi amfani. Irin wannan ce Els Nadort da abokan aikinta, masu gwajin DIVERS-II, suka gyara ta dace da masu wankin ƙoda, darasi biyar.

Da farko mutum zai rubuta abubuwan da suka fi komai daraja a rayuwarsa: iyali, ibada, sana'a, mutunci, ko me ne ne. Sannan ya zazzage duk abin da ke damunsa a rubuce, ya raba su kwando uku. Na farko na damuwar da ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin muhimman abubuwan nan ba, kamar wata maganar da maƙwabci ya yaɓa ta tsaya a rai. Irin wannan akan koya masa ya ware mata ɗan lokaci ƙayyadadde a yini, in ta zo ba a lokacinta ba ya kau da ita. Na biyu na matsala mai nauyi wadda ke da mafita. Na uku na mai nauyin da babu yadda za a yi da ita, kamar rasuwar masoyi, ko ƙodar da ba za ta dawo ba.

Ƙarfin hanyar yana kwando na biyu. A ce mutum ya rubuta "rayuwata ta lalace". Wannan ta yi faɗi, hannu ba zai kama ta ba. Sai a sa shi ya tsuke ta: "ranakun wanki ina dawowa a gajiye, ba na iya zama da jikokina, su kuma ranar suke zuwa." Yanzu ta zama abin da za a iya yi wa dabara. Ya jero duk mafitar da ta faɗo masa, har wadda yake ganin shirme ce, ya zaɓi guda, ya tsara ranar da zai yi da yadda zai yi, ya yi, ya dawo ya duba ko ta biya. Wataƙila mafitar ba ta wuce ya kira 'yarsa ya ce su riƙa zuwa ran Lahadi ba. Ƙaramin abu ne. Amma mai ciwon damuwa ya daɗe da saddaƙarwa cewa babu abin da ya rage a hannunsa, kuma irin waɗannan ƙananan nasarorin ne ke warware wannan ƙullin a hankali.

Gwajin da abin da ya fito

An auna damuwar ne da takardar tambayoyi 21 da Aaron Beck ya ƙirƙiro, bugu na biyu. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 63. Duk wanda ya samu 10 ko sama ya cancanci shiga. Ba a yi ƙuri'ar zaɓen waɗanda za a ba darussan a kan mutum ɗaɗɗaya ba, a kan rukunin masu zuwa wanki lokaci guda aka yi, kuma wannan hikima ce: mutanen da ke kwana uku a mako gado kusa da gado sun zama 'yan'uwa, abin da aka koya wa ɗaya sai ya isa kunnen na kusa da shi. Mutum 190 suka shiga, 89 aka ba darussan, 101 suka ci gaba da kulawar da aka saba.

Kashi 54 cikin 100 na waɗanda aka ba darussan ne aka ƙirga sun kammala. Da aka zo awo na ƙarshe, mutum 127 suka cike takardar, wato kashi ɗaya cikin uku sun zube a hanya. Bambancin da aka samu tsakanin rukunin biyu maki 0.1 ne a ma'aunin da ya kai 63. Sauran abubuwan da aka auna su ma ba su nuna wani bambanci ba. Da masu binciken suka ware waɗanda suka bi darussan yadda aka tsara suka sake lissafi, amsar ba ta sauya ba. Ba su yi kwana-kwana ba, suka rubuta cewa ga dukkan alamu wannan hanyar ba ta fi kulawar yau da kullum rage damuwa a masu wankin ƙoda ba. Sun cancanci yabo a kan wannan gaskiyar.

A ina gizo ya yi saƙar?

Abin da zan faɗa daga nan fahimtata ce, wadda na gina a kan alƙaluman gwajin da na wasu makamantansa.

Na fara da ma'aunin. A tsarin Beck, maki 0 zuwa 13 ana ɗaukarsu damuwa ce da ba ta taka kara ta karya ba. Mai sauƙi tana farawa daga 14, matsakaiciya daga 20. Ƙofar shiga gwajin kuwa 10 ce. Sannan a duba tambayoyin: akwai ta gajiya, ta rashin kuzari, ta barci, ta cin abinci, ta sha'awar iyali. Mai wankin ƙoda da zuciyarsa ke lafiya lau zai iya tara maki masu yawa daga waɗannan kaɗai, saboda ƙarancin jini, ƙaiƙayin fata da ke hana barci, da dattin da ke kashe ɗanɗanon baki. Ita ce tazarar 22.8 da 39.3 da muka gani ɗazu, kuma dalilin ke nan da masu nazarin wannan ma'auni a ɗakunan wanki suka fi ba da shawarar a ɗaga ƙofar zuwa wajen 14 ko 16. Mutumin da makinsa na gajiyar jiki ne, ko darasi hamsin ya yi makin ba zai sauka ba, domin darasi ba ya ƙara jini. Wanda kuma damuwarsa ƙarama ce tun farko ba shi da nisan da zai sauko.

Sai jikin da aka miƙa wa allon. Hannu ɗaya a ɗaure. Ciwon suga na daga manyan abubuwan da ke kashe ƙoda, kuma shi dai ke cin ido da jijiyoyin yatsu. Ana cikin wanki jini kan faɗi, kai ya yi jiri, ƙafa ta ɗaure. Da yawan majinyatan dattawa ne. Wani bincike na 2006 a jihar Minnesota ta Amurka ya gwada ƙwaƙwalwar masu wanki 338 'yan shekara 55 zuwa sama, ya samu kashi 37 cikin 100 da raunin tunani mai tsanani, kashi 13 kawai ne suka fito ba matsala. Awa huɗun nan da aka lissafa a matsayin lokacin banza, a gaskiya su ne awannin da jiki ya fi shan wuya a mako. A Landan ma an ga haka. Masana a King's College sun gwada darussan intanet a ɗakunan wanki, suka wallafa a 2017: sun tunkari mutum 410, 182 suka cike takardar tantancewa, 25 suka kai ga shiga gwajin, kuma babban abin da ya fitar da mutane daga cancanta shi ne rashin iya kwamfuta. A Landan ke nan.

Na uku ya fi waɗannan zurfi. Taimakon kai yana buƙatar mutum ya tashi da kansa ya fara, ya dawo gobe ya ci gaba, ya yarda ƙoƙarinsa zai haifar da wani abu. Waɗannan ukun su ne ainihin abin da ciwon damuwa ke fara sacewa. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san ba a miƙa wa yaro allo a ce ya je ya dawo da sauka. Malam na zaune, yana biya masa, yana jin inda harshensa ya karkace a daidai lokacin da ya karkace. Masanin da ke amsa saƙo daga nesa yana ganin abin da aka rubuta ne kawai. Ba ya ganin wanda ya ajiye allon ya juya fuska bango, kuma wannan shi ne ya fi bukatarsa.

Sai dai in na tsaya nan na yi wa gwajin rashin adalci, domin ko waɗanda suka daure suka gama ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ashe ba zubewa a hanya kaɗai ba ce matsalar. Akwai tambaya a kan abin da ke cikin darasin. A nan kwando na uku ya dawo. Ga jama'ar gari da aka fara gwada hanyar a kansu, galibin damuwa ta kwando na biyu ce: rigimar wurin aiki, bashi, saɓani da miji ko mata. Mai wankin ƙoda in ya zazzage nasa, mafi nauyinsu sukan faɗa na uku. Ƙishirwar da ba za a kashe ba. Layin jiran dashe da ba shi ke tafiyar da shi ba. Gadon kusa da shi da ya zo ran Litinin ya tarar an ba wani. Hanyar da gwanintarta ke wajen nemo mafita an kai ta inda manyan matsalolin ba su da mafita, inda aikin shi ne koyon zama da su. Irin wannan koyon, ni a ganina, da wuya mutum ya yi shi shi kaɗai da yatsa ɗaya a kan gilashi.

Lissafin gwajin ya bar 'yar ƙofa: tazarar da masu binciken suka ce bambancin gaskiya zai iya faɗawa a cikinta ta kama daga maki 3.0 a gefen amfani zuwa 2.7 a ɗaya gefen. Ƙaramin amfani zai iya ɓuya a ciki, babba ba zai iya ba.

Inda aka jawo kujera

Kada a fita da fahimtar cewa maganin baki ba ya ci a ɗakin wanki. A unguwar Brooklyn ta birnin New York, Daniel Cukor da abokan aikinsa sun sa masani ya jawo kujera ya zauna a gefen majinyaci ana cikin wanki, suna zaman gyaran tunani na tsawon wata uku. Mutum 65 suka shiga, 59 suka kai ƙarshe. A sakamakon da suka fitar a 2014, cikin waɗanda aka tabbatar suna da ciwon damuwa tun farko, kashi 89 na waɗanda aka yi wa zaman sun fita daga cikinsa, a kan kashi 38 na masu jiran layi, wato waɗanda ba a fara yi musu zaman ba tukuna. Har ruwan da suke tarawa a jiki tsakanin wanki da wanki ya ragu. A Sao Paulo ta Birazil, a 2009, zaman rukuni na mako 12 ya rage damuwar masu wanki. A 2019 kuma Rajnish Mehrotra ya jagoranci gwaji a ɗakunan wanki 41 a Amurka, mutum 120, rabi zaman gefen gado rabi sertraline. Duka sun samu sauƙi. Masu ƙwayar sun ɗan fi, amma su suka fi kokawa da illolinta.

Waɗannan gwaje-gwajen ba tagwayen na Holan ba ne. Salon maganin ya bambanta, kuma kwatanta mutum da mai jiran layi yakan ƙara wa sakamako armashi. Amma a duba adadin da suka kai ƙarshe a Brooklyn, 59 cikin 65, a ajiye shi kusa da kashi 54 na Holan.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Zimbabuwe yake, ko da yake ba na masu ƙoda ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, ya koya wa dattawan mata ma'aikatan lafiya na unguwa wannan hanya dai ta warware matsala, zama shida. A gwajin da aka wallafa a 2016, mutum 573 a asibitoci 24, bayan wata shida kusan kashi 14 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a kan kusan kashi 50 na sauran. Da harshen Shona ana kiran ciwon kufungisisa, wato yawan tunani, kusan yadda mu ma muke cewa wane tunani ya yi masa yawa. Hanyar ɗaya ce da ta Holan. Mai isar da ita ce ta bambanta: tsohuwa mai jin harshenka, gwiwarta kusa da taka.

Abin da ya shafe mu a ciki

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, waya kuma tana kowane aljihu. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun zai ce a zuba darasi a waya a huta. Gwajin Holan gargaɗi ne a kan wannan gaggawar, kuma namu yanayin ya fi nasu tsauri ta fuskoki da dama.

Mai wanki a Amstadam yana fama da zaman da ba ya ƙarewa. Namu yana fama da tsoron zaman zai ƙare. A 2017 Gloria Ashuntantang, likitar ƙoda 'yar Kamaru, da abokan aikinta suka tattara bayanan ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka samu kashi 59 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina, galibi saboda kuɗi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Sauƙi ne na gaske, amma zama 13 a wata naira 156,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, ba a sa kuɗin mota daga Gashuwa ko Haɗeja ba, ba a sa gwaji da allurar ƙarin jini ba. Shi ya sa da yawa suke zuwa sau ɗaya a mako, ko sai jiki ya kumbura numfashi ya fara sarƙewa. Irin wannan majinyaci in ya ce ba ya barci, ba ya cin abinci, ba shi da ƙarfi, abin da za a fara dubawa jininsa ne da yawan wankin da yake samu. In kuma ya ce ya zame wa 'ya'yansa masifa, sun sayar da fili saboda shi, gara ya tafi su huta, wannan magana ce da ba a barinta ta wuce da "haba Baba, daina faɗin haka".

Ta fuskar kwando na uku kuwa muna da gadon da ya kamata mu san darajarsa. Dubiya, addu'a, zumunci, yarda da ƙaddara, duk kayan zama da abin da ba ya sauyawa ne, kuma mutanenmu sun iya su tun kafin a rubuta darasi. Matsalar ita ce wani lokaci da su muke toshe bakin mai ciwo. Ya ce ya gaji, a ce ya yi istigfari. Ta fashe da kuka, a ce ina tawakkalinki. Daga ranar ba zai sake faɗa ba, sai dai a ga ya fara ƙin zuwa wanki. Alhali Annabi Yakubu, wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa, baƙin cikin rabuwa da ɗansa sai da ya taɓa masa idanu, ba a kuma ce imaninsa ya ragu ba.

Da ni ke da ɗakin wanki, ba da allo zan fara ba. Zan ɗauki kwanduna ukun nan da matakan warware matsala, domin suna da kyau kuma ba su da tsada, in koya wa nas ɗaya ko biyu, ko wani tsohon majinyaci da ya samu dashe, su riƙa yin su da baki, da Hausa, a farkon zama kafin jiki ya yi laushi, tare da mai jinyar in majinyacin ya yarda. Matar da ke kwana a kan tabarma a barandar asibiti ita ma a tambaye ta yadda take. Waya ta zo daga baya, ta zama ta tuni da gaisuwa tsakanin zama da zama, da murya maimakon rubutu.

Akwai kuma wani ɗan lokaci da kowane ɗakin wanki ke da shi kyauta. Idan an zare allurai, sai an danne wurin da auduga na wasu mintuna kafin jini ya tsaya, nas na tsaye a kan majinyaci, ba inda ɗayansu zai je. Tambayoyi biyu da likitoci ke fara tantance ciwon damuwa da su suna shiga cikin wannan lokacin: a mako biyun nan, Baba, ka ji abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita daga ranka? Ka ji zuciyarka a karye, kamar ba sauran fata? Wanda ya amsa e, a zauna da shi a zama na gaba. Wanda ya ambaci son mutuwa, ko ya fara tsallake wanki alhali kuɗin na nan, ya wuce batun taimakon kai. Likitansa ya sani a ranar, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin koyarwar da yake ko a na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, ko na tarayya da ke Maiduguri. Kada kuma 'yan'uwa su je kemis su sayo masa maganin damuwa ko na barci da kansu: wasu daga cikin magungunan nan suna taɓa bugun zuciyar mai wankin ƙoda, wasu kuma suna taruwa a jinin da ba ƙodar da za ta fitar da su.